Launin Gashin Ragna

Duk garin Esbjerg babu wanda bai san taurin kan Aksel Thybo a kan launi ba. Shekara talatin da ɗaya yana wankin hoto a ɗan shagon nan na bayan tashar jirgin ƙasa, shi a ciki wajen injuna, yayarsa Gunhild a gaba wajen kantar karɓar aiki, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya yabi aikin wani ba. Ka kai masa hoton da aka wanke maka a manyan kantunan nan masu cewa ka dawo bayan awa ɗaya, sai ya riƙe shi da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya ce, "Wannan matarka ce ko kabeji?" Abin haushin kuma gaskiyarsa ce. Can ba sa canza magani sai ya mutu murus, ba mai duba zafin ruwa, ba mai kallon abin da inji ke amayowa. Amarya ta fito kore, teku ya fito ruwan hoda, a zuba maka a ambulan a ce laifin kyamararka ne. Shi kuwa kowace safiya, kafin ya kurɓi kofi, sai ya wanke ɗan fim na gwaji ya tabbatar maganinsa yana nan daidai. Mutum ne mara fara'a, bai taɓa aure ba, amma a kan aiki ba a ja da shi.

Ranar wata Talata cikin Oktoban 1998, ana yayyafin nan namu da ba ya farawa ba ya ƙarewa, iska tana kwaso warin garin kifi daga bakin ruwa, wata mata ta jingine kekenta a jikin tagar shagon ta shigo. Za ta yi shekara arba'in da biyar. Ta tsaya a kan tabarmar goge ƙafa har ruwan rigarta ya gama ɗiga, sannan ta matso ta kwance wani hankici a kan teburin kantar. Fim ne guda ɗaya a ciki.

"Kati mai sheƙi ko mara sheƙi?" in ji Gunhild, ta riga ta jawo ambulan.

"Mai wankin nake son gani, shi da kansa."

Gunhild ta dube ta ta saman tabarau, ta juya ta ɗaga murya. "Aksel, fito. Yau kai ake nema, ka ji abin mamaki."

Ya fito yana goge hannu a jikin rigar aikinsa. Ya ɗauki fim ɗin ya jujjuya gwangwaninsa, fentin duk ya koɗe.

"Wannan ai ya kwana biyu."

"Shekara goma sha uku."

"A ina aka ajiye shi?"

"A durowar kicin, ta kusa da hitar ɗumama ɗaki."

Aksel ya rufe ido. Ya buɗe baki zai fara wa'azin nan nasa na cewa fim a firji ake ajiye shi, Gunhild ta taka masa ƙafa ta bayan kantar, ya haɗiye.

Matar sunanta Bodil Kragh, a kicin ɗin gidan tsofaffi take aiki. Ba ta zauna ba, ba ta kuma kalli kowa ba, fim ɗin take kallo tana magana. Ta ce ta taɓa haihuwa sau ɗaya tak, 'ya mace, suka sa mata Ragna. Kwana ɗaya da yini ta yi a duniya. Ita Bodil an ɗirka mata allurai, rabi tana barci rabi tana farke, abin da ta riƙe yarinyar a hannunta bai fi awa guda ba. Mijinta Preben ne ya ɗauki hotuna a ɗakin asibitin. Da suka dawo gida ya jefa fim ɗin a durowa ya ce kada a wanke, ba zai iya gani ba. Duk shekara sai ta yi masa magana, duk shekara sai ya tashi ya bar mata kicin ɗin. A bazarar da ta wuce zuciyarsa ta tsaya a wajen aiki, a kasuwar gwanjon kifi.

"Fuskarta ta gudu mini," ta ce. "Ina rufe ido in neme ta, ba na samu. Abu ɗaya ne ya rage mini, gashinta. Ja ne, irin na babana. Uwar Preben har ta mutu tana ce mini baƙi ne, wai allura ce ta sa na ga ja. Preben kuwa in na tambaye shi sai ya ce bai lura ba. Ni dai na san ja ne. Ba gardama na zo ci ba, duk sun mutu. So nake in gan ta, da gashinta yadda yake. An ce mini in launi ake so na gaskiya, nan ake zuwa."

Gunhild ta ajiye biron hannunta. Aksel ya yi gyaran murya, don shi in abu ya taɓa shi sai ya fake a bayan sana'a.

"Madam Kragh, ba zan ɓoye miki ba. Zafi yana cin fim a hankali. Launi uku ne shimfiɗe a jikinsa, ɗaya kan ɗaya, kuma ba tare suke mutuwa ba, wani ya riga wani. Irin wannan sai an ƙara masa daɗewa a cikin magani, amma ko nawa za a ƙara, ba wanda ya sani. Wanki kuma sau ɗaya ne, ba a maimaitawa. Gida nawa aka ɗauka a jikinsa, wato hoto nawa?"

"Duka. Preben ya ce ya cika shi, ashirin da huɗu, duk ita ce."

"To, da sauƙi. Ki dawo Juma'a da safe."

Iyakar abin da ya faɗa mata ke nan. Bai ce mata zai sa almakashi ba. Ba ɓoyewa ya yi ba, abin ne ya zame masa jiki har ba ya ganinsa a matsayin abin faɗi. A wajen masu wanki na ƙwarai, in fim yana da shakku ba a jefa shi gaba ɗaya a inji. Ana yanko ɗan guntu daga farkonsa, gida biyu ko uku, a wanke shi shi kaɗai, a duba, sannan a san yadda za a yi da sauran. A cikin duhu ake yankan, ba ka ganin inda almakashi ya faɗa, saboda haka kusan kullum sai an raba gida ɗaya biyu. Kowa ya san da haka, kowa ya yarda, gida ɗaya ake bayarwa a tsira da ashirin. Da fim ɗin Bodil ya faɗa hannun 'yan awa ɗayan nan da Aksel ke zagi, da ba wanda zai ɓata lokacinsa a kan wannan.

Da ƙarfe biyu na rana ya shiga ɗakin duhu ya ja ƙofa. Ya zaro harshen fim ɗin da lalube, ya wuce bakin da babu komai, ya auna faɗin tafin hannunsa da ɗan ɗori, ya datse. Sauran ya mayar cikin akwatin da haske ba ya shiga. Guntun ya manne a jikin katin robar da ke jan fim cikin inji, ya tura shi.

Da ya fito ya bushe, ya shimfiɗa shi a kan teburin fitila ya sa gilashi a ido. Ya yi rauni, kamar yadda ya zata, ya yi hazo, launin ya karkata, amma akwai abu. Gida na farko tagar asibiti ce da rabin kujera. Na biyu mace ce a gado daga nesa, rungume da bargo, hannun mai ɗauka ya girgiza, komai ya dame. Na uku kuwa, Allah sarki, Preben ya matso kusa, hannunsa ya tsaya cak. Jaririya ce kwance a gicciye, ga bargo har ana ganin saƙarsa, ga ɗan hannu ya leƙo da yatsu a dunƙule, ga wuya, ga ƙasan haɓa. Daga nan sai bakin almakashi.

Aksel ya yi tsaki. Bai ji daɗi ba, gidan ya yi kyau. Amma a ransa ya ce mutumin da ya gano wannan tsayuwar ai ya ɗauki irinta goma a gaba, haka iyaye suke yi, danna su danna. Ya lissafa abin da zai ƙara, ya rage wa injin gudu, ya koma ɗakin duhu ya ɗauko sauran. Kuma a nan ne ni har yau abin yake ci mini rai, domin ya riga ya gani da idonsa, ya san abin da ke bakin fim ɗin nan. Sai dai hannu ya saba. Gidan da aka yanka ya riga ya tafi, a kansa ake manna salatif, shekara talatin haka yake yi. Ya ɗora bakin a kan katin, ya manne shi ciki da baya, faɗin babban yatsa, ya danne sosai don kada ya suɓuce a cikin inji.

Yana tsaye a ɗaya gefen injin fim ɗin ya fara fitowa. Ya ga ɗan duhu a bakin salatif, sai fili. Ya jira. Fili. Ya ci gaba da fitowa, fayau, babu ko ɗigo. Ya ɗauka maganin ne ya ci amanarsa, ya ɗaga fim ɗin a haske ya duba gefe. Lambobin gefe sun fito raɗau, huɗu, biyar, shida, har ashirin da huɗu. Wankin lafiyarsa lau. Fim ɗin ne bai taɓa ganin haske ba. Hoto uku Preben Kragh ya ɗauka a ɗakin nan, ya naɗe fim ɗinsa, ya dawo gida ya ce ya cika shi.

Ya kai katin teburin fitila ya ɓare salatif ɗin. Ƙarƙashinsa fim ɗin toka-toka ne, ɗanye, magani bai taɓa shi ba. Sai da ya tsaya yana kallonsa sannan ya tuna abin da yake yi: wurin da bai sha magani ba har yanzu yana jin haske, ga shi ya buɗe shi a kan fitila. Ya kifa tafin hannu a kai, amma ina. Ko da akwai sauran dabara a da, yanzu babu. Ido da hanci da baki da goshi duk suna cikin faɗin yatsan nan. Abin da ya tsira a bayan salatif ɗan siriri ne, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, saman kai ne da gashi, bayansa inuwa baƙa.

Gunhild ta shigo da kofi da faranti, baƙin burodi da hanta a shafe, ta same shi zaune a kan kujerar da ba ya taɓa zama.

"Me ya faru? Ka yi kamar an ce maka an daina yin fim."

Ya nuna mata teburin da haɓa. Ba sai an yi mata bayani ba, a shagon ta tsufa. Ta duba guntun, ta duba dogon filin, ta duba wurin salatif. Ta ajiye farantin a hankali.

"Shi ya sa mijin ya hana a wanke," ta ce. "Bawan Allah. Uku ya iya, ya kasa, ya kuma kasa faɗa mata."

"Ba shi ya yanke ba."

"Na sani."

"Na gani, Gunhild. Na ga haɓar a kan teburin nan, na je na manne fuskar da hannuna."

Ba ta ce masa ba laifinsa ba ne, don ba ta iya irin wannan ƙaryar ba. Ta kunna sigari, abin da ya hana a ɗakin tun zamanin babansu, bai ko ɗago kai ba.

"Gashin dai yana nan," ta ce.

Laraba da Alhamis a kan ɗan siririn nan ya ƙare su. Hotunan baftisma da na hutun mutane suka taru a kwando, ko kallonsu bai yi ba. Mai buga kati ba ganin launi yake yi a fim kai tsaye ba. Makunni uku ne a gabansa, yana murɗa wannan yana sassauta wancan, har sai abin da ya sani a cikin hoton ya zauna daidai. Fatar mutum, farin zanin gado, ciyawa, sararin sama. In wannan ya zauna, sauran duk sun zauna. A siririn nan kuwa babu fata, babu zani, babu komai sai gashi da inuwa. Ya gwada saita injin da ɗaya rabin, mai bargo da hannu, amma wancan wankinsa daban, daɗewarsa a magani daban, launinsa ya karkata wani wajen, ba ya ba da shaida a kan wannan. Ya murɗa kaɗan, gashi ya fito ja kamar sabuwar tagulla. Ya koma baya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya fito ruwan ƙasa. Ya ƙara, ya yi duhu har ya kusa baƙi. Kuma kowanne in ka kalle shi shi kaɗai sai ka rantse haka aka haife ta. Kwandon shara ya cika da kati, kansa ya yi ta sarawa, bai matsa ko taku ɗaya ba.

Ranar Alhamis da yamma, suna shirin rufe shago, Gunhild ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin da rigar ruwanta a hannu. Kati uku ne jere a gabansa.

"Ka ba ta jan," ta ce.

"Ban san ko ja ba ne."

"Wa ya tambaye ka abin da ka sani? Ja ta zo nema. Ka sa a ambulan, ka yi shiru da bakinka, ka jefa biyun nan a shara."

"Ban taɓa ba mutum ƙarya a shagon nan ba."

"Kai ɗin? Wa ya rage wa matar fasto jan hancinta a hoton bikin 'yarta? Wa yake mayar da saman garin nan shuɗi duk Asabar, mu da muka san rabonmu da ganin shuɗi tun Agusta? Ƙarya kake bugawa tun kana da gashi a ka."

"Wannan na san asalinsa, gyara na yi. Wannan kuwa ni zan ƙirƙira."

"To ƙirƙira mana. Ka cinye mata fuskar 'ya, ka bar mata gashin."

Maganar ta shige shi. Ya ce, "In ta tambaye ni fa? In ta ce haka yake a fim?"

"Ka ce e. Harafi ɗaya ne, ba zai kashe ka ba."

"Ita ta gan ta, Gunhild. Ni ban gan ta ba. In na jera mata, tana gani za ta gane nata. Haka ake yi ai, in mai wanki bai da tabbas sai ya nuna wa mai hoto ya zaɓa."

"Haka ake yi da hoton kujera da labule, wawa." Ta zura hannu a rigar. "Tun muna yara kake haka. Kai dai a ce ka yi daidai, ko kowa zai mutu."

Ta fita ta bar shi. Ya kashe fitilun, ya bi bayanta da nisa har gida.

Juma'a da ƙarfe tara da 'yan mintoci Bodil ta zo. Ta gyara gashinta, ta sa riga mai kyau a ƙarƙashin ta ruwan, kuma daga jakarta ana hango gefen wani ƙaramin firam na saka hoto, sabo, ko takardar kantin ba a cire ba. Aksel da ya ga firam ɗin ji ya yi kamar ya koma ciki ya kulle ƙofa. Baƙin ciki ne ya cika shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da suka binne uwarsu, don ranar ba shi ya jawo ba.

"Madam Kragh," ya ce, "hoto uku ne kawai a fim ɗin."

"Ashirin da huɗu ne."

"Uku ne. Sauran ba a ɗauka ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Ya ga maganar tana sauka a fuskarta a hankali, ta wuce shi, ta tafi wajen wanda ba ya nan.

"Preben," ta ce, ƙasa-ƙasa.

Ya ajiye mata na tagar, ta ture shi gefe. Ya ajiye na gadon, ta ɗan duba, ba ta gane kanta ba ma. Sannan ya ajiye rabin na ukun. Ya yi aiki a kansa iyakar iyawarsa, bargon ya fito fari mai ratsin rawaya, ɗan hannun ya fito da fatarsa. Bodil ta cire safar hannunta ta ɗora yatsa a gefen katin. Leɓenta yana motsi, ƙirga yatsun take yi.

"Bargon nan ni na saƙa," ta ce. Ta bi hoton da yatsa, daga hannu zuwa wuya, zuwa haɓa, yatsan ya wuce bakin katin ya faɗa kan tebur. "Ina sauran?"

Ya faɗa mata. Bai rage ba, bai fake da sunan wata ƙa'ida ba. Ya ce ya yanka don gwaji bai tambaye ta ba, ya ce ya ga abin da ya yanka, ya ce duk da haka ya manne fuskar da salatif saboda ya ɗauka akwai wasu a gaba. Ya so ƙwarai ta zage shi, ko ta ɗauki wani abu ta jefe shi. Ba ta yi ba. Ta dafa kanta da hannu biyu kamar mai jin jiri.

"Wato tana ciki," ta ce. "Duk shekarun nan tana cikin durowata."

"Tana ciki."

"Har ranar Talata."

"E."

Gunhild ta zagayo ta kawo mata kujera, ta ƙi zama. Wani mutum ya turo ƙofa da ambulan a hannu, Gunhild ta yi masa wani kallo, ya ja da baya ya rufe.

"Gashin ya tsira," in ji Gunhild da sauri. "Saman kanta ya fito, Bodil. Ga shi nan, bari in ba ki." Ta miƙa hannu wajen ambulan ɗin da ke gaban Aksel, don ta riga ta sa jan a sama tun da safe.

Aksel ya dafe ambulan ɗin. Suka kalli juna, ita da shi. Ya zaro katunan duka uku ya jera su a ƙarƙashin fitilar kanta, gefe da gefe, ya daidaita bakinsu.

"Babu abin da zan auna launin da shi a wannan guntun," ya ce. "Duka ukun daga fim ɗaya suke, ni na murɗa injin. Ba zan iya ce miki ga na gaskiya ba. Ke kika gan ta. Ki nuna mini, in buga miki shi da kyau."

Gunhild ta juya musu baya ta tsaya tana kallon titi.

Hannun Bodil bai yi wata-wata ba, ya tafi kan jan. Ta ɗauke shi, ta matso da shi kusa da fuska, har wani abu kamar murmushi ya fara zuwa mata. Aksel ya saki numfashi. Da ta ajiye ta juya a lokacin, da shi ke nan. Amma ɗayan yana nan a gefen idonta, sai ta kalle shi. Ta kalli na hannunta. Ta sake kallon mai ruwan ƙasan, ta ɗauke shi da ɗaya hannun.

"Wannan ya yi ja da yawa," ta ce a kan na farkon. "Bai kai haka ba. Ko ya kai?" Ba shi take tambaya ba. "Jiƙe yake lokacin da suka miƙo mini ita. In gashi ya jiƙe yana yin duhu." Ta ajiye su, ta ɗauki na ukun, mai duhun, ta daɗe a kansa. "Akwai fitila a saman gadon, mai jan haske-haske. Uwar Preben ta ce fitilar ce."

Ta sauya musu wuri, na tsakiya ya koma gefe. Ta rufe biyu da tafin hannu ta kalli ɗaya, ta buɗe ta rufe wasu. Ta rufe idonta gam, ta daɗe a haka, Aksel yana ganin ƙwayar idon tana yawo a ƙarƙashin fata, tana nema. Da ta buɗe sai ya ga tsoro ƙarara a fuskarta, kuma a lokacin ne ya gane abin da yayarsa take faɗa masa jiya.

"Ɗauki jan," ya ce. "Shi kika fara ɗauka. Ina ganin shi ne. Wallahi ina ganin shi ne."

"Yanzu ka ce ba ka sani ba."



Ta tattara katunan uku ta haɗa su wuri ɗaya, ta kifa su, ta tura masa. Ta ɗauki mai bargo da hannu kaɗai ta sa a jaka kusa da firam ɗin. Ta sa safar hannunta ɗaya, ɗayar ta kasa samun yatsun, ta bar ta a hannu.

"Da na rufe ido, ukun nan nake gani," ta ce. "Naka nake gani, ba nata ba. Da safen nan da na fito daga gida na san launin gashin 'yata."

Ta buɗe ƙofa ta fita cikin ruwan. Ba ta hau keken ba, turawa ta yi.